'Yar Baltazar Mai Burodi

Bibiana Furtado ta gama fitar da burodin hantsi ke nan daga tanderu, gumi yana ɗiga daga haɓarta, sai Hajji Muƙbil mai shayi ya leƙo ta ƙofar baya da murmushin nan nasa na neman tsokana.

"'Yar Baltazar, wanke fuska, danginki sun zo."

"Dangina suna kwance a maƙabartar Ma'alla. In sun taso, ce musu su jira in huce."

"Wannan da ransa, har da malafa da abin ɗaukar hoto. Tun safe yake zagaya unguwar Tawahi yana tambayar inda mutanen Gowa ta Indiya suka zauna, kowa yana nuno masa ƙofarki."

Ta goge hannu a jikin rigarta ta fito gaban shago. Shekara talatin ke nan da Turawan Ingila suka bar birnin Adan na ƙasar Yaman, kuma tun daga lokacin ba ta sake ganin irin wannan mutum a layinsu ba: farar riga cas, takalmi yana sheƙi, furfura a taje. Ya dube ta, ya leƙa bayanta, kamar yana jiran a fito masa da wadda yake nema. Ta san wannan kallon sarai. Baƙar fatar uwarta ya gani, da doguwar rigar matan Adan, bai ga abin da ya zo gani ba.

Sai ta gaishe shi da harshen ubanta. Mutumin ya ja da baya, ya cire malafa.

"Bibiana-bai? Ke ce? Ikon Allah! Ban taɓa zaton zan ji Konkani a garin nan ba."

A duk zaman da mutanen Gowa suka yi a Adan, babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa liƙa mata wannan "bai" ɗin da suke girmama matansu da shi. Sai yau, tana kusa da sittin, haƙoranta sun fara zubewa.

Sunansa Dakta Alban Saldanha, daga Kanada ya zo. Ta gane shi tun kafin ya gama faɗa, ɗan magatakardan Ƙungiyar Tauraruwar Teku ne, gidansu mai shuɗin baranda a kan tudu, inda take kai burodi tana yarinya. Shi kuwa bai tuna ta ba, ita ma ba ta tuna masa ba. Ya ce ya rubuta littafi a kan mutanen Gowa na Adan, za a sake bugawa, ya zo ɗaukar hotuna. Ya ciro littafin daga jaka ya miƙa mata da hannu biyu. Sannan ya sassauta murya ya faɗi ɗaya abin da ya kawo shi. Ƙanwarsa Zita ta rasu tana ƙarama, a nan aka binne ta. Uwarsu ta tsufa ƙwarai, ta ce kada ya koma mata ba da hoton kabarin ba. Jiya ya je maƙabartar Kiristoci ta Ma'alla, ya tarar gicciyen ɓangaren yara duk sun karairaye tun lokacin yaƙin basasa, babu suna ko ɗaya. Mai gadi ya ce masa in ba matar nan mai burodi ba, babu wanda ya san wane ne a ina, domin ita ce take shafe kaburburan da farar ƙasa duk shekara.

"Na san inda take," in ji Bibiana. "Gobe da la'asar sai mu je."

Da azahar, sa'ad da zafi ya rufe shagunan Tawahi, ta zauna a ƙarƙashin fanka ta ɗora tabarau ta buɗe littafin. Sistocin mishan sun koya mata karatu, bai kuwa guje mata ba. Da farko har murmushi take yi. Ga zauren ƙungiya da fitilunsa, ga akawunan tashar jiragen ruwa a jere da kwat da laƙataye, ga likita wane, ga malamar makaranta wance, ga rawar Kirsimeti. Ta san fuskokin nan duka. Ta yi ta juya shafi tana neman teloli, da kukun otal, da boyi-boyin jiragen ruwa, da masu gasa burodi, waɗanda suka fi akawunan yawa nesa ba kusa ba. Ta same su a dunƙule cikin layi kaɗan, babu sunan kowa, wai "wasu kuma sun riƙe ƙananan sana'o'i".

Ta haɗiye wannan. Ta ci gaba har ta iso babin da ya yi magana a kan zumunci. A nan ta ga an rubuta: "Babu wani ɗan Gowa da ya mutu a Adan ba tare da ƙungiya ta raka shi kabarinsa ba."

Ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa. Ta tsallaka shafin ƙarshe, inda aka ce a shekarar da Turawa suka tafi iyali na ƙarshe suka hau jirgi, labarin Gowa a Adan ya ƙare ke nan. Ta yi jifa da littafin, ya daki buhun fulawa, ƙura ta tashi.

Baltazar Furtado yana yaro ya sauka a Adan daga wani ƙauyen bakin teku a Gowa, ya yi wa wani aikin gasa burodi har ya gina nasa tanderun. Babu gidan ɗan Gowa a Tawahi da ba a karya kumallo da burodinsa, babu bikin ƙungiya da ba shi ya gasa musu alkaki da kek ba. Ya shiga ƙungiyar tun tana ɗaki ɗaya, duk da kujerarsa kullum can baya take, kusa da ƙofar kicin. Laifinsa guda ne. Ya auri Rita, marainiyar Somaliya da sistoci suka yi renonta. Aka ce masa shi ya zo taro, amma ban da ita, ban da abin da ta haifa. Ya ci gaba da zuwa, yana cewa za su huce.

Ranar da ya faɗi a gaban tanderu ya cika, Bibiana tana da shekara ashirin da ɗaya. Al'adar ƙungiya ce in ɗanta ya mutu ta aiko da baƙin mayafin karammiski a rufe akwatin gawar, da masu badujala, da maza su ɗauka. Bibiana ta hau tudu da ƙafa ta tsaya a ƙarƙashin shuɗin barandan nan. Magatakarda bai sauko ba. Daga sama ya ce mata kwamiti ya zauna, Baltazar ya fitar da kansa daga cikin jama'a tun ranar da ya yi wancan auren. Matarsa tana tsaye a bayansa tana fifita, ta ce ai gobe ma a kawo burodi da wuri.

Da rana ta yi, fadan coci ya zo, akwati yana ajiye a tsakar gida, babu mai ɗauka. Sai Muƙbil, wanda a lokacin saurayi ne yana murza wa Baltazar kwaɓi, ya fita ya kira 'yan dakon tasha da wasu Somalawa masu aikin kwal. Musulmi ne dukansu. Suka saɓa akwatin a kafaɗa suka bi bayan fada a cikin rana har Ma'alla, ita da uwarta a baya. Ta tuna yadda tagogin gidajen 'yan Gowa suke rufuwa ɗaya bayan ɗaya sa'ad da suke wucewa.

Washegari da safe ta sami Dakta a kan bencin Hajji Muƙbil yana kurɓar shayi da madara. Ba ta gaishe shi ba. Ta ajiye littafin a gabansa a buɗe, fulawa duk ta ɓata bangon, ta ɗora yatsa a kan layin.

"Karanta min wannan da ƙarfi."

Ya karanta, yana dubanta da mamaki.

"Wa ya gaya maka?"

"Kowa, Bibiana-bai. Na zauna da tsofaffinmu a Toronto, da Landan, da Gowa kanta. Duk abin da suka fi alfahari da shi ke nan."

"Daina ce min bai. Ga mutumin da ya ɗauki ubana, ga shi nan yana wanke maka kofi. Tambaye shi ko ya ga ƙungiya a hanya."

Muƙbil ya ce, "Wallahi ko karen ƙungiya ban gani ba, Dakta. Kuma marigayin nauyi ne da shi, Allah ya sani, burodinsa bai tafi a banza ba."

Ta ba shi labarin tsaye, ba ta rage komai ba, har barandan, har fifitar. Fuskar Dakta ta yi ja, ya ajiye kofi.

"Ina yaro lokacin. Ban san wannan ba."

"Yanzu ka sani. Rubuta."

"Ba haka ake yi ba. Ba na cewa ƙarya kike yi, amma tarihi ba a gina shi a kan bakin mutum ɗaya."

"Mu biyu ne, ga Hajji. Ko shi ba baki ba ne? Naka da bakin su wa ka gina? Waɗanda suka yi rawa a zaure ka bi gida-gida suka ba ka shayi suka gaya maka su mutanen kirki ne. Ina telan da ya ɗinka wa ubanka kwat ɗin da ke cikin hoton nan? Ina matar da ta goye ka?"

"Irin waɗannan ba su bar komai a rubuce ba."

"Sun bar 'ya'ya! Ka neme su?"

Can ya ce, a hankali, magatakardan da take magana a kansa mahaifinsa ne, ya rasu. Mahaifiyarsa kuma zuciyarta ba ƙarfi, littafin nan a gefen gadonta yake kwana. Iyalan da suka taru suka ɗauki nauyin bugawa su ne 'ya'yan kwamitin. Ba zai iya zuba musu wannan a fuska ba. Amma akwai abin da zai iya, in ji shi, har fuskarsa ta ɗan saki. Zai ba ta shafi guda ita kaɗai, da hotonta a gaban tanderu, a rubuta a ƙasa cewa ita ce 'yar Gowa ta ƙarshe a Adan. In tana da wata rigar coci irin ta da, sai ta saka.

Bibiana ta yi dariyar da ta sa Muƙbil ya janye butar shayi daga kusa da ita.

"Jiya babu ni, yau ni ce ta ƙarshe. Ka rataye ni a bango kamar kan barewa, su duba su ce ayya, ashe akwai saura. Ubana kuwa ya ci gaba da zama wanda ƙungiya ta raka." Ta ɗauki littafin ta dangwara masa a cinya. "To ji nan, ɗan Saldanha. Kabarin ƙanwarka, je ka tambayi tsofaffinka na Toronto. Tunda sun san komai, sun san inda take."

Ta juya ta shige shago ta banko ƙofa.

Muƙbil ya bar ta har ta fitar da burodin rana, sannan ya shigo ya zauna a kan buhu ba tare da an ce masa zauna ba.

"Gobe jirginsa zai tashi."

"Ya sauka lafiya."

"Yarinyar me ta yi miki?"

"Ubana me ya yi musu?"

"Ni ban zo in kare su ba, ni na ɗauki akwatin, kafaɗata ta yi mako tana ciwo. Amma tsohuwar nan ɗiyarta take nema."

"Tsohuwar nan ita ce mai fifita, Hajji! Ita ce ta ce a kawo burodi da wuri! Kuma na kai, ka sani na kai, don ba mu da abin ci in ban kai ba. Shekara nawa ina shafe musu kaburbura, ina cire musu ƙaya, su suna can cikin sanyi suna rubuta cewa babu kowa? Yau abu ɗaya ya shigo hannuna da suke so, ka ce in miƙa a tafin hannu?"

"Ban ce komai ba. Kin ƙona gefen wancan," ya ɗauki burodi ɗaya ya gatsa ya fita.

Da la'asar ta ce wa kanta za ta je ta ba shukar kabarin uwarta ruwa, ba don kowa ba. Ta ɗauki jarka ta hau motar Ma'alla. Tun daga ƙofar maƙabarta ta hango shi a ɓangaren yara, malafa a hannu, da ƙunshin furanni da rana ta riga ta yanƙwane. Ta wuce abinta kamar ba ta gan shi ba, ta tsuguna wurin uwarta tana zuba ruwa, amma idonta yana can.

Yana tafiya tsakanin ƙananan tudun ƙasa, ya tsaya a nan, ya koma can, ya dubi bango kamar yana auna wani abu da ya tuna, ya girgiza kai. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Daga ƙarshe ya zaɓi wani kabari kusa da itacen ƙaya, ya durƙusa da ƙyar, ya ajiye furannin, ya ɗaga abin ɗaukar hoto.

Ta gane abin da zai yi. Zai kai wa uwarsa wannan ya ce ga Zita, tsohuwar ta sumbaci hoton, a buga shi a littafi, ya zama shi ke nan har abada. Zita fa, yarinyar da take rugowa da gudu ƙafa ba takalmi in ta ji muryar mai burodi, ta tsinke ɓawon gefe ta cusa a baki kafin a kama ta, ita kaɗai ce a gidan nan take kiran Bibiana da sunanta.

Jarkar ta faɗi, ruwa ya malale.

"Kai! Ba ita ba ce! Wannan jaririn wani Bagirike ne mai sayar da taba, sakarai! Haka kake rubuta littafin naka? In ba ka sani ba sai ka zaɓi wanda ya yi maka kyau?"

Ta isa wurinsa tana haki, ta fizgi furannin, ta kama hannun rigarsa ta ja shi kamar akuya zuwa can kusa da bango, inda wani ɗan kabari yake da farar ƙasa sabuwa da ƙananan duwatsun teku jere a gefensa.

"Ga ta nan. Ba don kai ba, ba don uwarka ba."

Ya durƙusa ya dafa ƙasar da tafinsa, ya fara kuka. Ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, tana kallon bango, har ya gama. Ya ɗauki hotonsa. Da ya miƙe ya share fuska ya tambaye ta ina mahaifinta yake kwance.

"Ba za ka ɗauke shi hoto ba."

"Gaisuwa kawai zan yi."

"Ya jira gaisuwar gidanku rana guda cur a tsakar gida. Yanzu ba ya bukata."

"Zan duba abin da zan iya yi a kan layin nan. Na yi miki alkawari."

Ta ɗauki jarkarta ta tafi neman wani ruwan.

Bayan shekara guda fadan cocin Tawahi ya kawo mata ƙunshi daga Kanada. Sabon bugu ne, bango mai sheƙi. Ta kai shi bencin Muƙbil ta buɗe a gabansa. Ga hoton kabarin Zita a shafi guda, duwatsun da ta jera da hannunta sun fito tar, an rubuta a ƙasa cewa mazauna unguwa masu kirki suna kula da wurin. Shafin ƙarshe bai canja ba, labari dai ya ƙare da tashin jirgi. Ta nemo babin zumunci. Ya cika alkawarinsa, ya taɓa layin. Yanzu cewa aka yi: "Kusan babu wani ɗan Gowa da ya mutu a Adan ba tare da ƙungiya ta raka shi kabarinsa ba."

Ta fassara wa Muƙbil. Ya ce, "To ina marigayin?"

"Ga shi nan. Kusan. Mutum ya ciyar da su tun yana saurayi har ya faɗi a gaban wuta, sunansa yanzu Kusan."

Muƙbil ya so ya yi dariya, ya dubi fuskarta, ya fasa.

Ta rufe littafin, ta zauna jim tana huci. Sannan ta ce masa akwai wata malama daga jami'a, 'yar unguwar Shaikh Usman, da take bin tsofaffin Adan da rikoda tana ɗaukar abin da suka gani a zamanin Turawa, ko ɗan dako ne ko mai wanki. Ta aiko wa fada saƙo tana neman wanda zai yi magana a kan Kiristocin Tawahi, a wancan karon Bibiana ta ce ba ta da lokacin surutu.

"Gobe ka rufe shago da wuri, za mu je wurinta."

"Ni kuma me ya kai ni? Ni ba ɗan Gowa ba ne."

"An ce bakin mutum ɗaya ba ya isa. Za ka faɗi sunayen waɗanda kuka ɗauka tare, duk wanda ka tuna. Ni zan faɗi teloli da kuku, gida-gida, da Larabci, yadda jikokinsu na nan za su ji."

"Shayin yamma fa? Mutane za su zo."

"Su sha ruwa. Kuma ka sa riga mai tsabta, kada ka kunyata ni."